WinSxS ba shara ba ne, ku daina gogewa

Abin nan ya fara damuna a Garwa, duk wanda diski C na kwamfutarsa ya cika sai a ce masa je ka goge fulda WinSxS, wai nan Windows ke jibge tsofaffin update. Kuma ban ga laifinsu ba, mutum ya buɗe ya ga giga da yawa, dole ya ɗauka shara ce.

Amma update da aka sauko da shi daga intanet yana fara zama ne a C:\Windows\SoftwareDistribution\Download, wannan kam na wucin gadi ne. WinSxS kuwa rumbun kayan Windows ne kanta, da shi take gyara kanta ko ta cire update idan ya ba da matsala, kuma fayil da yawa a ciki su ne dai na System32, fuldar da manyan fayilolin Windows suke, ana ƙirga su sau biyu ne shi ya sa girman ke tsorata mutane.

Wani ƙanena ya matsa sai da ya goge rabinsa, washegari laftof ta ƙi tashi, sai sabon Windows muka sa.

In wuri kake nema buɗe manhajar share diski ta Windows, wato Nettoyage de disque, tunda yawancin injinanmu da Faransanci suke, ka danna fayilolin sistem ka zaɓi na Windows Update, ita ta san wanda za ta cire.