Matasa, ku bar karen ruwa a cikin ruwansa

'Yan uwana matasa, bidiyon karen ruwa ya cika TikTok: an saka masa riga, yana karɓar kifi a tafin hannun mai shi, wasunku har suna tambayar inda ake sayarwa. Don Allah ku dakata.

Akwai wani tsohon fim na Birtaniya, Ring of Bright Water, da ya fito a 1969. Bill Travers ya fito a matsayin wani ma'aikacin ofis a Landan da ya hango karen ruwa a shagon dabbobi, ya saya, ya sa masa suna Mij. Dabbar ta hana shi sakat a ɗakin haya, har ya tattara ya koma wani tsohon gida a gaɓar teku a Sikotland. Mutane suna tuna wasan da Mij yake yi cikin ruwa, su manta da ƙarshensa. Wani mai haƙar lambatu ya gan shi a bakin hanya, ya ɗaga shebur ya kashe shi. Mij ya riga ya saba da mutane, bai san ya gudu ba.

Abin ya faru da gaske. Gavin Maxwell, wanda aka gina fim ɗin kan littafinsa na 1960, ya ɗauko karen ruwansa mai suna Mijbil daga fadamun kudancin Iraƙi a 1956, shekara na zagayowa aka kashe shi. Wadda ya samu bayansa, Edal, daga Afirka ta Yamma aka kawo ta, kuma ita ce ta cije yatsu biyu na Terry Nutkins, yaron da ke kula da ita. Ga mutum mai son dabbobinsa har zuciya, ga teku a ƙofar gidansa, amma abin ya gagare shi. Kai da baho ɗaya a tsakar gida, da me za ka riƙe ta?

Tun 2019 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikin irin su Mijbil tsakanin ƙasashe. Sau da yawa sai an kashe uwa ake samun ɗan da za a sayar, haka ma ɗan birin da kuke gani ɗaure da igiya a kasuwa. Ku tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

In kiwo kuke so, ga tattabara, ga zomo, ga kyanwa. Bidiyon nan kuma ku daina tura shi, domin yawan masu kallo ne yake tura mafarauta bakin kogi.