Sharhi: tafarnuwa da kanumfari ba su kai matsayin magani ba tukuna

Wani labari ya ce sinadaran tsirrai na kashe ƙwayar Candida mai bijire wa magani, wato ƙwayar da ke jawo wa mata ƙaiƙayin gaba. Gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji. Sinadarin alisin na tafarnuwa sai an daka ta yake samuwa, kuma zafi na lalata shi da sauri. A 2014 an gwada ƙwayoyin tafarnuwa na sha ga mata a Ostireliya, yawan ƙwayar a gabansu bai ragu ba. Mu nan Sakkwato da tafarnuwar Wurno ke ko'ina, kar wata ta cusa ta a gaba, ƙuna take yi. Haka man kanumfari in ba a sirka ba.

Wanda likitoci ke bayarwa idan maganin fluconazole ya kasa, musamman kan nau'in Candida da ake kira glabrata, shi ne boric acid: miligiram 600 a kafso, a saka a gaba kullum da dare, kwana 14. Ba a haɗiye shi, guba ne, kuma mai ciki ba ta amfani da shi.

'Yan uwa mata, ba kowane ciwon sanyi ne Candida ba. In ya dawo sau uku ko huɗu a shekara, a je asibiti a ɗauki ruwan gaba a gano nau'in ƙwayar, a kuma auna sukari. Yawan zama cikin ruwan bagaruwa busar da fata yake yi, ƙaiƙayin ya ƙaru.