Ku daina gwada manhaja da sunan "Test Test"

Hoton nan da ake ta yaɗawa tun jiya, na manhajar da ta ƙi karɓar sunan Sa'adatu ta ce wai ba suna ba ne, ya ɓata min rai matuƙa. Ana ta zagin yaron da ya rubuta kod ɗin. Ni kuwa bayanan gwajinsu nake tuhuma. Wallahi da ka buɗe gwajinsu na yanki-yanki, wato wanda ake yi wa kowane ɗan ɓangaren manhaja shi kaɗai, suna ɗaya za ka tarar, lambar waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, an rubuta su da hannu, komai ya yi kore, alamar gwaji ya wuce, an tafi gida.

Bayanan da ka zaɓa da hannunka abin da ka riga ka sani kaɗai suke gwadawa. Ku gina abin da zai riƙa ƙirƙiro muku bayanan! Ya fitar da Mu'azu da Ɗanjuma da Ƙasimu, ya fitar da suna mai tsawo da fili babu komai. Ya kawo lambar waya mai farawa da sifili, a ga ko an adana ta a matsayin adadi sifilin ya ɓace. Ya kawo ta Nijar mai lambobi 8 a inda aka saba da 11. Ya kawo 29 ga Fabrairu. Shekara mai kwana 366 ce ta daskarar da na'urorin sauraron kiɗa na Zune na Microsoft ranar 31 ga Disamba 2008, kuma 29 ga Fabrairu 2012 ta durƙusar da Azure, dandalin Microsoft na adana bayanai da gudanar da manhajoji ta intanet. Su ma manyan ke nan.

Wai babu lokaci. Ina kuka samo lokacin ba kwastoma haƙuri? Tun 1999 Koen Claessen da John Hughes suka fito da manhajar gwaji ta QuickCheck a yaren rubuta kod na Haskell: ka faɗi ƙa'idar da dole ta tabbata, shi ya yi ta jefo misalai, in ya sami wanda ya karya ta sai ya yi ta rage shi har ya miƙo maka mafi ƙanƙanta. Masu yaren Python kuna da Hypothesis da Faker, kayan ƙirƙiro bayanan gwaji, kyauta.

Wai gwajin ba-zata yau ya wuce gobe ya faɗi. To ka ajiye lambar irin da aka fara da ita, wato lambar da daga gare ta ake ƙirƙiro misalan, ka maimaita shi yadda ya faru. Wannan ba hujja ba ce.

Masu cewa a kwafo bayanan kwastomomi na gaske a gwada da su kuwa, ku ji tsoron Allah. BVN da NIN na mutane amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ku ƙirƙiro na bogi masu kama da na gaske, ƴan'uwa, aikin yini guda ne.

Malamanmu na jami'a, don Allah ranar kare aikin kammala digiri ku riƙa cewa ɗalibi ya nuna gwajinsa. Ana tafa wa kyawun shafin shiga da launin maɓalli, ba wanda ke zama ya buga Ɓ a cikin akwatin suna ya ga me zai faru.