Ranar da na ɗora Sardauna a babban yatsa

Ni da ko lalle sai an yi da gaske nake zama a ƙunsa min, wai ni ce na tashi na ce sai na sa farcen roba mai zanen kuɗi saboda dinar bikin 'yar ƙanwar babanmu. A Instagram na gani, wata ta sa farata zaƙo-zaƙo, dala ɗari-ɗari kwance a ciki, fuskar Benjamin Franklin na leƙowa ta ƙasan ƙyalli, na ce wallahi nima sai an san na zo bikin nan. Dama ina fashin sallah, lissafina kafin in yi wanka an watse an cire.

Na nufi wani shago a Sabon Gari. Yarinyar ta kankare min saman farce, ta manna na roba, tana tsoma burushi a wani ruwa mai warin tsiya tana dangwalo hoda tana shafawa, kan ka ce kwabo ya daskare. Dalar ta bogi ce, sitika, yankawa take ta shimfiɗa sai ta rufe da hoda mai garai-garai. Yatsa takwas lafiya lau, ana zuwa manyan yatsu sitika ta ƙare. Sai ta ce "Anti ba ki da tsohuwar ɗari biyu a jaka? Ta gaske ma ta fi kyau." Na miƙa mata, ta sa almakashi. Da aka gama na duba, tab, ga Sardauna da rawaninsa a babban yatsana na dama, na hagu kuma an rubuta 200.

Ina shiga gida na durƙusa gaida kakarmu, ta kamo hannuna ta kai saitin ido, ita da kullum take cewa ba ta gani amma ranar tar ta gani. "Ke 'yar nan, wa nake gani haka? Gamji ɗan ƙwarai ne kika liƙa a akaifa? Da hannun da kike share majina?" Na ce Hajiya da hagu nake sharewa, ta ce in rufa mata baki.

Ƙanena da ke karatun lauya ya ɗauki hoto tukunna, sannan ya gyara murya ya ce Yaya kin san dokar Babban Banki ta 2007 kuwa, wulaƙanta naira ɗaurin wata 6 ne ko tarar dubu 50 ko duka biyun, masu liƙi ma EFCC ta kama balle ke da kika yanka. Tsiren dubu biyu na saya masa ya yi shiru.

A wajen dina kuwa na ga ta kaina. Maroƙiya na hango hannun ta biyo ni da kirari, Hajiya mai dala har a farce, alhali kuɗin adaidaita kawai ya rage min. Gwaggona ta ja ni gefe tana raɗa min in taimaka mata da dubu 30 zuwa ƙarshen wata tunda Allah ya buɗa. Waya ta gagare ni latsawa, zif ɗin rigata sai da aka ja min, da aka kawo tuwon shinkafa washegari na kai hannu miyar taushe ta cika ƙasan faratan, na koma cin tuwo da cokali yara na min dariya.

Sai kuma ga tsarki ya zo da wuri, ana tsakiyar biki, ga alwala ba ta yiwuwa tunda ruwa ba ya taɓa farce. Na koma shagon a guje ta naɗe min yatsu da auduga da asiton, wato ruwan cire farcen roba, na zauna kusan rabin awa, ta kuma caje ni kuɗin cirewa daban. Na ce to ɗari biyuna fa? Ta ce ai ya narke Anti.

Shi kuma ɗan banzan yaron har yau bai goge hoton ba, jiya ma ya turo min shi ya ce data ɗinsa ta ƙare.