Ƙannena Masu Karatun Muhalli, Ku Riƙe Shi da Hannu Biyu

Assalamu alaikum. Maganar nan da ku nake, ƙannena na Katsina da kewaye da kuka samu gurbin nazarin muhalli a jami'a, musamman ku da ba shi kuka cike a fom ɗin JAMB ba. Yaro ya nemi likitanci, maki bai kai ba, sai ga sunansa a wani sashe da ko Baba bai taɓa jin labarinsa ba. A gida a ce masa, "To in ka gama me za ka zama? Duba-gari?" Ya rasa ta cewa. Shi ke nan ya shiga aji da sanyin jiki, ya yi shekara huɗu yana haddace handawut, idonsa na kan ranar fita.

Ƙorafin da na fi ji a bakinku shi ne wai kwas ɗin ba shi da alƙibla. Da safe kemistiri, da rana tattalin arziki, gobe doka, jibi ƙididdiga da zanen taswira. Ba rashin tsari ne ya kawo haka ba. Matsalar muhalli ce ba ta zuwa sashe-sashe, kuma ba sai an tsallaka teku za a ga shaida ba.

A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, wasu da jijjiga, ana tsammanin zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF ne suka lura magani ba ya ci. Da aka auna jinin yaran sai aka ga gubar dalma ce. Fiye da yara 400 suka rasu. Daga ina dalmar take? Duwatsun da ake haƙowa ana neman zinare suna ɗauke da ita, kuma cikin gidaje ake kawo su, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi. Ƙura ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Sanin dutsen aikin mai ilimin ma'adinai ne, auna ƙasa da jini aikin mai kemistiri. To me ya sa mutane suka shigo da duwatsun har ɗakunan kwanansu? Farashin zinare ya tashi a duniya, abin da magidanci zai samu a sati ya fi na gonarsa nesa ba kusa ba. Wannan kuma tattalin arziki ne. Likita ma hannunsa a ɗaure yake, domin in ya wanke wa yaro jini ya mayar da shi gidan da ke cike da ƙurar, aikin banza ya yi. Dole sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A ƙauyen Bagega da ke Anka aikin bai samu ba sai 2013, saboda jiran a saki kuɗi, ka ga siyasa ta shigo. Kuma babu wanda ya isa ya kutsa gidan mutum ya kwashe masa ƙasa ba da yardar maigida da dagaci da liman ba. Kowane gwani a cikin waɗannan gefensa kawai ya iya. Wanda zai zauna a tsakiya, ya gane yaren kowa, ya san abin da za a fara da abin da zai biyo baya, shi ake son kwas ɗinku ya fitar.

Ku leƙa Maraɗi kuma, nan kusa da mu. Bayan farin 1973 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, yawancin dashen ya mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kututture, ka datse sauran, ka kare su daga awaki. Amma da farko manoma ba su karɓa ba. Wanda ya bar itace a gona ana masa kallon malalaci, sannan a doka itacen na gwamnati ne, ka rene shi ka sara malamin daji ya ci ka tara. Sai da manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sannan gawo da kalgo da sabara suka dawo. Masu bincike sun ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya san ilimin tsirrai kaɗai zai gaya muku gawo na zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Gaskiya ne, amma wannan sanin bai tsirar da itace ko ɗaya ba sai da aka taɓa doka da al'ada. Ku tuna da haka duk lokacin da kuka ga an kafa rumfa ana bikin dashen itace, a dasa, a ɗauki hoto, a watse ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Jiharmu na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, saboda haka tambayar wa ke da itacen bayan an dasa tambayarku ce.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Faɗin nan da nake yabo, shi ne kuma ramin da da yawa ke faɗawa. Mutum ya gama digiri ya iya surutu a kan sauyin yanayi da kwararowar hamada, amma a ce masa ga rijiya auna mana ruwanta, sai ya hau sosa ƙeya. Ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya ba da ma'anar muhalli. Kafin ku gama aji biyu, kowa ya zaɓi sana'a ɗaya ya nutse a cikinta.

In ruwa ka zaɓa, ka iya shi daga bakin rijiya har rahoto. Ka san kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta sai an kashe duk abin da ke cikinta, ba a taɓa bakinta da yatsa, ana rubuta wuri da rana da lokaci a jikinta, a saka ta cikin kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin 'yan awoyi. In ta yini a aljihun jaka cikin zafin watan Afrilu, duk abin da ka rubuta a kanta ƙarya ne. Ka auna taku nawa ne tsakanin rijiyar da salgar maƙwabci, domin abin da aka saba shawarta shi ne kada ya gaza mita 30, kuma ka san a cikin tsohon gari gidaje nawa ne ke da wannan filin. In taswira ce, manhajar QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma kyauta ne, kuma sun faro tun 1972. Da kwamfuta ta aro za ka iya nuna yadda birnin Katsina ya cinye gonakin da ke kewaye da shi shekara bayan shekara. Datar da ke ƙarewa a TikTok ta isa wannan aikin. Ƙididdiga kuwa, na san ita kuka fi gudu, amma babu zaɓi a kanta.

Sai furojet na shekarar ƙarshe. Don Allah kada ku saya, kada ku kwafo na wani gari ku canza suna. Ga abin bincike nan zube. Ruwan da ake samu a shekara wajen Funtuwa ya kai milimita 1,000, a wajen Daura da Jibiya kuwa bai cika wuce 600 zuwa 700 ba, jiha ɗaya amma noma iri biyu. A watan Yulin 2018 ambaliya ta ci fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. Ina hanyoyin ruwan garin suke, wa ya yi gini a kansu, me ya canza tun daga lokacin? Yashi nawa ya cike dam ɗin Ajiwa ko na Zobe ko na Sabke? Buhun gawayi nawa ke shiga kasuwa ɗaya a sati, daga wane daji, kuma me ke faruwa duk lokacin da gas ya yi tsada? Ku je kwata ku tsaya kusa da mahauci yana feɗe saniya, ku ga dunƙulen leda da ake cirowa daga tumbinta. Shi ma babi ne.

In kun shiga ƙauye, ku bar Turancin a mota. Dattijon da ya yi noma shekara hamsin ya san jigawa da fadama da laka fiye da abin da ke cikin handawut, ya san shekarar da ruwan rijiyarsu ya fara nisa. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku zauna a tabarma, ku ce "Baba, koyo muka zo." Wanda kuma ba zai iya bayyana sakamakon bincikensa da Hausa ga wanda ya ba shi amsa ba, bai gama fahimtarsa ba. Ku kuma ƙannena mata, kada wani ya ce muku wannan karatun maza ne. Hayaƙin murhu, ajiyar ruwa a randa, inda ake zubar da shara, duk a cikin gida suke, inda aka rubuta "ba shiga". Ke ce za ki shiga ki gani da idonki, namiji sai dai ya tsaya a zaure a ba shi labari.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗora komai a kan sauyin yanayi. A tambayi ɗalibi dalilin rikicin dajin Rugu, ya ce sauyin yanayi, ya rufe littafi. Ina batun burtalin da aka nome, da makiyayar da aka yanka gonaki, da zaluncin da aka rasa mai raba shi, da makaman da suka shigo? Wanda aka koya wa duba abu ta fuska biyar bai kamata ya dawo da amsa ɗaya ba.

Batun aiki, ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba. Akwai ma'aikatun muhalli, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da hukumomin agajin gaggawa, da shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa, da kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli. Ƙasar nan ba ta ɗauki dokar muhalli da gaske ba sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, daga nan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ta farko, a 1992 kuma aka wajabta wannan rahoto kafin a fara babban aiki. Wata rana za a miƙo wa ɗayanku irinsa a ce sa hannu kawai, alhali ba wanda ya taka wurin. Ku sani akwai mutanen da za su sha ruwan da kuka ce lafiyarsa lau, kuma za a tambaye ku gobe ƙiyama.

Lokacin SIWES, wato zangon koyon aiki a wajen makaranta, kada ku nemi ofishin da za a sa muku hannu a littafi kuna kwance a gida. Ku nemi inda ake fita fili ko inda ake da ɗakin gwaji, ko da ba a ba da ko sisi. In fita ta kama, ku fara sanar da malamin da ke duba aikinku da mai garin da za ku, ku tambayi halin hanya a ranar, ku tafi ku biyu ko uku, ku juyo kafin la'asar. Wurin da mutanen gari suka ce kada a shiga, ku canza wani.