Wa ya ɗaga hannu ranar da aka yanke shawarar yaƙi?

Akwai wata al'ada ta majalisar Amurka da ya kamata mu 'yan Damagaram mu duba, ko da siyasar ƙasar ba ta burge mu. Duk ranar da za a yanke babban hukunci, ana rubuta sunan kowane ɗan majalisa da ɓangaren da ya bi, a ajiye, mai so ya karanta ko bayan shekara ashirin.

A watan Oktoba na 2002 majalisar ta ba George W. Bush izinin yaƙar Iraƙi. A majalisar dattawa mutum 77 suka amince, 23 suka ƙi. A ta wakilai kuwa 296 ne suka amince, 133 suka ƙi. Hujjar da aka kawo ita ce Saddam Husaini ya ɓoye makaman ƙare dangi. Aka shiga ƙasar a Maris na 2003, aka bi lungu-lungu, ba a ga makaman ba. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraƙi kuma dubban ɗaruruwa. Kuɗin da aka ƙone ya haura dala tiriliyan guda, kuma a cikin wannan hargitsi ƙungiyar Da'ish ta yi saiwa.

Hillary Clinton tana cikin waɗanda suka ce a tafi. Da ta fito neman takarar shugaban ƙasa a 2008, wannan ƙuri'a ce Barack Obama ya riƙa dukanta da ita, domin shi ya soki yaƙin tun 2002, lokacin yana ɗan majalisar jihar Illinois. A 2016 Bernie Sanders, abokin takararta a jam'iyya, wanda ya ƙi amincewa da yaƙin tun farko, ya sake tono mata maganar. Ita da kanta ta yarda cewa ta yi kuskure.

Ba na cewa rubuta suna yana kama kowa. Joe Biden ma ya amince da yaƙin, amma ya ci zaɓe a 2020. Jama'a na mantuwa, wani lokaci kuma yafewa suke yi. Sai dai ba wanda ya iya cewa ba ya wurin.

To, mu fa? A Fabrairun 2015, kwanaki kaɗan bayan Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, majalisar dokokinmu a Yamai ta amince gaba ɗaya a tura soja Najeriya. Wannan ba Iraƙi ba ce, wuta ce a bakin ƙofa, kuma da ni ne ma da na ɗaga hannu. Amma abin da ya biyo baya yana da nauyi: dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, hana hawan babur, hana cinikin kifi da tattasai. Ɗan kasuwar da ke sauke buhunan tattasai a Kasuwar Dole ya ji a jikinsa, haka ɗan kabu-kabun da aka raba da sana'arsa. Ka shiga kowace fadar shayi a Zango ko Birni, ka tambaya wane depite, wato ɗan majalisa, na Damagaram ya tashi ya bi kadin waɗannan mutane. Za ka sha labarin jam'iyya, suna ne zai yi wuya. Laifin har da tsarin zaɓenmu na wancan lokaci, inda ake dangwala wa jerin sunayen jam'iyya, mutum ya shige majalisa a inuwar tuta.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, don haka wani zai ce maganar ba ta da lokaci. Ni kuwa gani nake yanzu ne lokacinta, tun ba a kafa dokokin sabuwar zaɓaɓɓiyar majalisa ba. A sa a ciki cewa duk ƙuri'ar da ta shafi tura soja, ko dokar ta-ɓaci, ko kuɗin tsaro, da suna za a kaɗa ta, a kuma karanta sunayen da Hausa a gidajen rediyo, yadda tsohuwar da ɗanta ke bakin daga za ta ji daga Mirriya ko Magarya.