Jos: kafin a gayyato baƙi, a fara komo da 'yan gari wuraren shaƙatawa

Kowace mota mai lambar Filato tana yawo da kirarin jihar a jikinta, wato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Kowace gwamnati ta hau sai ta sake rera wannan kirari, a yi taro a otal, a lissafa duwatsu da magangarun ruwa, a ce mutanen Abuja za su riƙa kwararowa duk ƙarshen mako. Ni dai a ganina an fara gini daga rufi. Mutumin da ya kamata a fara lallashi ya je waɗannan wurare yana nan cikin gari, a Gangare ko Tudun Wada ko Unguwar Rogo, kuma ya daɗe bai leƙa su ba.

Babu mai musun abin da Allah ya ba garin nan. Jos na zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa wanda ya taso daga zafin Lafiya ko Keffi yake jin iska ta sauya da zarar mota ta gama Hawan Kibo. Ga ruwan Assop a gefen hanya, ga duwatsun Riyom da suka ɗoru kan juna kamar da hannu aka jera su, ga tsaunukan Shere da suka kai wajen mita 1,800. A tsakiyar gari akwai gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok, a bayansa kuma an gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Zariya. Bahaushen Jos nawa ne ya taɓa tsayawa gaban wannan ganuwa da 'ya'yansa? Gandun namun daji kuwa tun 1972 aka samar da shi, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk.

Sai dai wanda ya duba yadda aka shimfiɗa wuraren hutu a Jos zai ga sawun kuza. Turawan haƙar ma'adinai ne suka buɗe filin golf na Rayfield a 1913, kusa da gidajensu, can kudancin gari inda fili yake a yalwace. Leburorin da suka haƙo kuzar, daga ƙasar Hausa da Borno da ƙauyukan Filato, an cunkusa su a barikoki, ba wanda ya yi tunanin ware musu wajen shan iska. Turawa sun tafi, rabon filin bai sauya ba: inda mutane suka fi yawa, nan ne wajen wasa ya fi ƙaranci.

Duk da haka, mu da muka taso kafin 2001 mun san wani Jos dabam. Ranar Sallah a kan ga yara jere-jere sun nufi gidan zoo da sabbin kaya, ranar Kirsimeti ma haka, kuma ba wanda yake tambayar sunan wani a bakin ƙofa. Babbar kasuwar Taminus ita kanta wajen yawo ce, mutum ya shiga ba da niyyar sayen komai ba, ya fito ya gaisa da rabin gari. Rikicin Satumbar 2001 ya zo, kasuwar ta ƙone a 2002, na 2008 da na 2010 suka biyo baya, mutane suka kwashe kayansu kowa ya koma cikin nasa. Tun daga nan kowane ɗan Jos yake yawo da taswira ta biyu a zuciyarsa, wadda ba a buga ta a takarda ba. Magidanci zai so ya kai iyalinsa shaƙatawa, amma sai ya fara lissafin unguwannin da zai ratsa, da ƙarfe nawa zai dawo, da inda zai tsaya idan mota ta lalace. Sau da yawa lissafin yakan ƙare da a zauna a gida.

Yaran kuwa ba sa zama. Idan ba su da fili, sai su nufi kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi da sanyi, waɗanda ba shinge ba mai gadi. Duk wanda ya daɗe a Jos ko Bukuru ya taɓa zuwa ta'aziyyar yaron da ya tafi wanka bai dawo ba.

Wurin da har yanzu yake haɗa kowa shi ne filin ƙwallo. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta farko a 1972, ƙungiyar su Sam Garba da Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya kai Super Falcons zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999. A garin nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Ogenyi Onazi da Moses Simon. Sunayen kaɗai sun isa su nuna cewa ba unguwa ɗaya ce ta fitar da su ba. Lokacin da Plateau United ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya a 2017, murnar ba ta tsaya a iyakar kowace unguwa ba. Amma filayen ƙasa da irin waɗannan 'yan wasa suke fara buga ƙwallo babu takalmi suna ta ƙanƙancewa. Yau an yanka fuloti, gobe an jera shaguna a gefen filin makaranta. Haka 'yan tseren dogon zango na yankin Pankshin, da tsayin ƙasarsu ya ba su numfashi, suke fafutuka kusan da ƙarfin kansu.

Na san abin da za a ce min. Ɗan gari ba ya kama ɗakin otal, ba ya hawa jirgi ya sauka a Heipang, kuɗin kirki a aljihun baƙo yake. Gaskiya ne, kuma mai sayar da dankalin Turawa a Farin Gada ma zai so ya ga motocin Abuja. Amma a tuna yadda baƙo yake yanke shawara. Kafin ya ɗauko iyalinsa, sai ya kira abokinsa na Jos ya ce, "Malam, yaya garin? Wajen nan ana zuwa kuwa?" Idan abokin ya yi jim, ya ce rabonsa da can shekara goma, magana ta ƙare, komai kyawun tallar da aka yi a talabijin. Ban da haka, baƙo na zuwa ne a lokacin hutu. Kuɗin ƙofar ranar Talata da Laraba, wanda ake ciyar da namun daji da biyan mai shara, daga 'yan gari yake fitowa.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A yi wa filayen wasa na unguwanni takarda, a hana yanka su. A kange kududdufan da ke kusa da gidaje. A dawo da ziyarar makarantu, amma a haɗa Islamiyyar Bauchi Road da makarantar mishan ta Jenta a mota ɗaya zuwa gidan tarihi ko Shere. Sannan a kwanakin Sallah da Kirsimeti a sa motocin safa masu rahusa daga Taminus zuwa gandun namun daji da Rayfield, su riƙa kai da komowa har la'asar, don uwa mai yara huɗu ta san da abin da za ta dawo gida.